Zuwa ga Sadiƙu, kan batun ajin zane

Tudun Wada, Zariya.

Sadiƙu,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Kuɗin kwamfutar da ka nema zan turo ƙarshen wata in sha Allah. Abin da bai kwanta mini ba shi ne cewar da ka yi wai zanen hannu ya mutu a harkar fim ɗin katun, har ka daina shiga ajin zane.

Kana da gaskiya ta wani ɓangaren. Tun da kamfanin Pixar suka fitar da Toy Story a 1995, dogon fim na farko da aka yi kacokan da kwamfuta, kasuwar katun ta juya. Kamfanin Disney ɗin da suka yi suna da Snow White a 1937, rabonsu da dogon fim na zanen hannu tun 2011. Kuma ba abin mamaki ba ne. Daƙiƙa ɗaya ta fim hoto 24 ce, in an zana 12 kawai don tsimi, ka ga fim na awa ɗaya da rabi ya haura zane dubu 60. A kwamfuta kuwa sau ɗaya za ka ƙera mutum-mutumin, ka sa masa gaɓoɓi, ka nuna inda motsi zai fara da inda zai tsaya, ita ta cike tsakani.

To cikon nata ne matsalar. Sumul take yin sa, ba nauyi, ba jinkiri. Wa zai gaya mata yadda dattijo ke tashi daga tabarma? Sai ya dafa gwiwa, ya ɗan dakata, ya ce "ya Salam", ya miƙe, sannan ya naɗe hannun babbar riga ya ɗora a kafaɗa. Ko yadda doki ke turjewa a ƙofar fadar Zazzau ranar hawan Sallah, mahayi ya koma baya, bakin rawani ya biyo daga baya? Wanda bai zauna ya zana waɗannan har hannunsa ya saba ba, ko wace na'ura aka ba shi tafiyar Turawa zai sa wa Bahaushe, don ita ya tarar a shirye.

Su masu abin ma ba su yanke hukuncin da ka yanke ba. Miyazaki, mai shirya katun na Japan, da zanen hannu ya ci Oska, babbar kyautar fina-finai, a 2024. Shekarar da ta biyo baya wani fim daga Latbiya ya ci, an kuwa yi shi da Blender, manhajar da ko kwabo ba a biya. Saboda haka kada wani ya sa ka kashe kuɗi kan manhaja mai tsada tun yanzu.

Ka koma ajin. Ka sayi ƙaramin littafin zane da zai shiga aljihu, in ka je kasuwar Samaru ka tsaya wurin masu dako ka zana yadda suke sunkuyawa su ɗaga buhu. In ka zo hutu ka taho da shi in gani.

Mamanka na gaishe ka, ta ce ka rage kwana gaban allon nan saboda idonka. Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifinka.