Waswasin kulle ƙofa ya wuce abin dariya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ɗan ba ni fili in taɓo wani abu da mutane suka mayar abin tsokana, alhali mai fama da shi ne kaɗai ya san irin tashin hankalin da yake ciki.

Ni dai in zan fita sai na murɗa hannun ƙofa sau bakwai, in ko wani ya yi min magana ina tsakiyar ƙirga to shikenan an koma farko. Har hoton kwaɗon nake ɗauka a waya, in na isa ofis na buɗe hoton sai zuciya ta ce anya ba na jiya ba ne? Kuma fa na san ƙofar nan a kulle take, sanin ma shi ya fi ci min rai.

Likitocin ƙwaƙwalwa suna kiran wannan ciwo OCD, wato waswasin da ke tilasta wa mutum maimaita abu ɗaya, kusan mutum 2 cikin 100 na fama da shi, yawanci tun da ƙuruciya yake farawa. Ba duk mai son tsafta ko tsari ba ne, ana maganar wanda abin ke cinye masa sama da awa guda a rana ko ya hana shi harkokinsa, wani wanke hannu ne har fata ta tsage, wani duba gas.

Inda nake so iyalai su gane shi ne, maiɗakina baiwar Allah shekaru tana ce min "wallahi ka kulle, a gabana ka kulle", in ji sanyi na minti biyar sannan abin ya dawo ya fi na da. Ashe taimakon nata taki yake wa ciwon, haka likita ya faɗa mana mu biyu a zaune, ranar har sai da ta yi ƙwalla. Hanyar da ya ɗora ni a kai ita ce wadda wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Victor Meyer ya fara gwadawa a Landan a 1966, wato ka kulle sau ɗaya ka tafi, ka daure da fargabar har ta sauka da kanta ba tare da ka koma ba. Akwai kuma magunguna irin su fluoxetine da sertraline, sai dai likita ne ke rubutawa kuma sukan ɗauki sati 8 zuwa 12 kafin a ga aikinsu sosai.

Yanzu in na tambaye ta ko na kulle, sai ta ce "ba zan amsa ba" ta ci gaba da abin da take yi. Haushi nake ji sosai, amma jiya sau biyu kawai na murɗa.

Naku,
Wani mai karatu