A Koyar Da Karatu Da Littafin Labari

Assalamu alaikum Edita,

Ka ba ni fili in ja hankalin malaman firamare. A aji huɗu, littafin labari ɗaya ya isa zango guda, shafi biyu kullum. Malami ya rubuta sababbin kalmomi biyar a allo, ya karanta da ƙarfi na minti goma, sannan yara su maimaita bibbiyu, yatsa na bin layi.

Karatun baki ɗaya kuwa yaudara ce. Yaro na motsa baki, alhali da kunne ya haddace. Nuna masa kalma a tsakiyar shafi, sai ya yi zuru.

Ranar Juma'a kowa ya rubuta jimla uku kan abin da zai faru a babi na gaba, malami ya duba lanƙwasar ɓ, ɗ da ƙ.

Wani malamin makaranta