Ciwon ƙwaƙwalwa ne, a daina ɗaure su a mari

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan ciwon nan da likitoci ke kira sikizofireniya, wanda mutum zai riƙa jin muryoyi alhali ba kowa kusa da shi, ko ya dage cewa ana bin sa za a kashe shi. Mu nan Maradi da an ga haka sai a ce iska ce ko jifa aka yi masa, daga nan sai mari da ɗakin duhu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 kusan mutum miliyan 24 ke fama da shi, wajen ɗaya cikin 300 ke nan, kuma ya fi kamawa daga ƙarshen samartaka zuwa shekaru ashirin da ƴan kai. To me ya sa sai a wannan shekarun? Ɗan Adam yana da ƙwayoyin gado, wato abin da ya gada daga iyaye mai tsara aikin jikinsa, kusan 20,000, amma ba duka ke aiki lokaci guda ba, wata a kunne wata a kashe wata kuma tana aiki fiye da kima, kuma da masana suka duba ƙwaƙwalwar masu ciwon bayan sun rasu sai suka tarar aikin ƙwayoyi da yawa ya canza, musamman a gaban ƙwaƙwalwa inda tunani da shawara suke. A 2016 masu bincike a Harvard ta Amurka suka nuna wata ƙwayar gado mai suna C4 tana aiki da ƙarfi sosai a ƙwaƙwalwar masu ciwon. Ita dai tana taimakawa ne wajen rage mahaɗun jijiyoyi lokacin balaga, kamar yadda manomi ke rage gero in ya cunkushe a rami, to ana zaton a wajensu ragin ne ke wuce gona da iri. Kun ga ai wannan abu ne na jiki, wallahi sarƙa ba ta gyara shi.

Sai masu cewa gidan wane akwai hauka kar a ba su aure. E, akwai gado a ciki ban musa ba, amma wani bincike da masana suka yi a 2022 ya gano wurare 287 a ƙwayoyin gado masu alaƙa da ciwon, kowanne tasirinsa ɗan kaɗan ne, kuma ko tagwaye masu kama ɗaya in ɗaya ya kamu sau da yawa ɗayan lafiyarsa lau. Wiwin da samari ke busawa a fada ma tana ƙara haɗarin, ita ce ya kamata iyaye su sa wa ido.

Ban hana kowa addu'a ko ruƙiyya ba, a yi, amma a haɗa da asibiti. Tun 1952 aka fara ba da maganin ciwon a Faransa, kuma da yawa in suka riƙe shi muryoyin na lafawa har su koma sana'arsu. Matsalar ita ce dangi na tsayar da magani da sun ga sauƙi, ko kuɗi su ƙare, sai ciwon ya dawo. Ina kira ga hukumomin lafiya na jiha su kai maganin har asibitocin ƙauye da rangwame, ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo kuma su shiga gidajen rediyo su yi wa jama'a wannan bayani da Hausa.

Naku,
Mai karanta jaridarku daga unguwar Zariya, Maradi