Kafin a goge kwamfuta, a duba manhajar da ta maƙale

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu a Samaru ta Zariya, yawancin masu zuwa wurina ɗalibai ne. Kwamfutocinmu na hannu ne, masu Windows 7 da Word na 2007, don su ƙarfinmu ya kai. Makon jiya wata ɗaliba ta shigo tana hawaye. Word ya ƙi buɗewa a kwamfutarta, ta kai wa mai gyara, shi kuwa ya goge komai ya zuba sabon Windows. Babi uku na aikinta na kammala karatu suka salwanta. Wallahi ciwon bai kai a yi masa wannan ɗanyen aiki ba.

Idan mutum ya danna alamar X, tagar ce take ɓacewa daga allo. Wani lokaci manhajar tana nan a ɓoye, riƙe da fayil. Shi ya sa in ka sake danna ta sai shiru, ko ta ce wani na amfani da takardar, ko filashi ya ƙi yarda a zare shi. A nan ne mutane ke danne maɓallin wuta, abin da kan lalata fayil ɗin da ake tsoron rasawa.

Ga abin da nake yi. Ina danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager ya fito, wato tagar da ke nuna manhajojin da ke aiki a kwamfuta. A shafin Processes sai in nemo WINWORD.EXE, wato sunan Word a can, in tsayar da shi, bayan na tabbata babu aikin da ban adana ba. Sunan da ban sani ba, ba na taɓa shi.

Amma in abin yana dawowa kullum, akwai dalili. Sau biyu na gano shi a shagona: da farko takardu ne suka taru a layin firinta da aka cire wa waya, daga baya kuma wata 'yar manhajar mayar da takarda PDF ce da ta liƙe a jikin Word. Gwajin ba wuya: riƙe Ctrl lokacin buɗe Word, zai tashi ba tare da irin waɗannan maƙale-maƙalen ba. In ya rufe lafiya a haka, ka san inda laifin yake.

Masu Windows 10 kuma su sani, Shut down ba ya kashe komai saboda tsarin saurin kunnawa. Restart ne ke kashe duk abin da ke aiki a kwamfutar, ko a riƙe Shift yayin danna Shut down.

Ina roƙon ku ware fili a shafinku na fasaha ku bayyana wannan da hotuna. Masu gyara kuma, don Allah su riƙa kwafe fayilolin mutane kafin su goge komai. Ɗalibar nan yanzu daga rubutunta na hannu muke sake buga mata babi na ɗaya.

Naku,
Mai shagon buga takardu, Samaru, Zariya