Barka da Sallah daga Glasgow

10 ga Zulhajji, 1446

Inna,

Assalamu alaikum. Barkanku da Sallah, Allah ya maimaita mana. Yanzu na dawo daga Idi, na tarar da ɗakin shiru kamar an yi ruwa an ɗauke, shi ne na ce bari in rubuto miki.

A babban masallacin da ke bakin kogin Clyde muka yi sallah, yawanci 'yan Pakistan ne, sai Larabawa da 'yan Somaliya. Ana sallamewa kowa ya kama gabansa, wasu ma wurin aiki suka wuce, don nan ba a ba da hutun Sallah. Jiya na yi azumin Arfa. Inna, rana ba ta faɗi ba sai wajen ƙarfe 10 na dare, kusan awa 19 ke nan, ni da nake raki a kan awa 14 na Kano! Kuma ba ladan, waya ce take tashina da asuba. Kin tuna yadda nake toshe kunne da filo idan lasifikar masallacin unguwa ta fara? Astagfirullah. Yau da zan ji ta, kuka zan yi.

Layya kuwa, nan ba a yanka a ƙofar gida. Kuɗi na biya a shagon mai naman halal, ya ba ni takarda ya ce in dawo jibi. Ban ga ragon ba, ban ji kukansa ba, a leda zai iso a daddatse. Na san yanzu Baba ya gama fiɗa, yara suna babbakar kai da ƙafa, ƙauri ya cika tsakar gida. Ke kina bakin murhu, kakide yana tafasa, kina korar mu da ludayi. Hantar farko da kike soyawa da ɗan yaji, mu ci da zafinta muna hura yatsu, ita nake ta tunawa tun safe. Ni ce kullum mai gudun wankin hanji, har in yi ƙaryar ciwon kai. Wallahi yau da zan samu, ni kaɗai zan wanke na rago biyu.

Amma alhamdu lillahi, kada ki ce ina cikin damuwa. Lafiyata ƙalau, ga aiki, wuta ba ta ɗaukewa, famfo ba ya ƙafewa. Maƙwabciyata tsohuwar Baturiya ta ga lallen hannuna ta tambaya ko ƙonewa na yi, na yi ta dariya. Na kai mata cincin. Da na zauna lissafin abin da Allah ya ba ni tun ina gida, sai na ga ban taɓa gode masa ba a kan wanda zai ce min "ina kwana".

Ki gaishe da Baba, Allah ya karɓi layya. Ki gaishe min da Hajiya Kaka sosai da sosai, ki ce mata rigar sanyin da ta ce ta yi kauri ita nake sawa har a watan Yuni, kuma ta rage cin kitse, na san halinta. Ina gaida Yaya da amaryarsa, da Gwaggo, da Kawu. Auta kuwa goron Sallarsa yana hanya, in ya daina ɗaukar min takalma. Sauran 'yan gida duka ina gaisuwa.

In an samu mai tahowa, a ɗaure min dambun nama da yajin daddawa. In hanya ba ta bari ba, ki ci rabona.

Taki,
'Yar Inna