A Fitar Wa Masu Tafiya A Ƙasa Hanya A Unguwannin Gefen Jami'a

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa, na karanta rahoton da jaridarku ta buga kan sabbin rukunin gidajen da ake ginawa a gefen jami'a. An yi ta yabon faɗin tituna da wuraren ajiye motoci, amma ba a ce uffan ba game da mai tafiya a ƙasa, alhali yawancin masu kama haya a irin waɗannan unguwanni ɗalibai ne, kuma ba kasafai ɗalibi ke da mota ba.

Mai tafiya a ƙasa kan ci kusan mita 400 cikin minti biyar. Sau da yawa tazarar gida da ƙofar jami'a ba ta fi haka ba, sai dai katangar rukunin da layukan da ba sa ɓullewa su tilasta dogon zagaye. Na sha ganin ɗalibai suna raɓe-raɓe a bakin kwalta da dare, babu fitila, motoci na wucewa a guje. Wanda ya gaji da wannan, abin hawa zai nema, cunkoson ƙofar makaranta kuwa sai ya ƙaru.

Shawarata ga hukumomin tsara birane ita ce, kada su sa hannu a taswirar gini sai an fitar da hanyar masu ƙafa mai fitilu da inuwa, wadda za ta ratsa kai tsaye zuwa ƙofar jami'a tun kafin mutane su tare. A kuma taƙaita gudun mota zuwa kilomita 30 a awa, kamar yadda sanarwar taron duniya kan kiyaye haɗurran hanya da aka yi a Stockholm a 2020 ta buƙata a wuraren da motoci ke cuɗanya da masu tafiya a ƙasa.

Naku,
Wani mai karatu