Rahoton Kwamitin Gyaran Tsohon Gidan da Aka Mayar Laburare a Sakkwato

Assalamu alaikum. Kwamitin da jama'ar unguwa suka ɗora wa wannan aiki yana sanar da cewa an gama gyara, kuma an buɗe ƙofa ga masu karatu.

Gidan na wani attajiri ne da ya yi fataucin goro da fata tun ana tafiya da ayarin jakuna. Bayan rasuwarsa iyali suka watse, gida ya doshi zama kango, har magada suka ba da shi wakafi. Allah ya saka musu da alheri.

Mun tarar gara ta cinye azarar soron ciki, indararo sun karye, ruwan damina na bin bango yana zaizaye gindinsa. Zaure ne kaɗai ya tsaya da ƙafarsa, ɗaurin gugansa, wato rufinsa mai siffar baka, ko tsagewa bai yi ba.

Inda aka kai ruwa rana shi ne batun siminti. Wasu sun ce a rushe, a sa bulo, a huta. Kwamiti bai yarda ba. A watan Afrilu zafin Sakkwato kan haura digiri 40, bangon ƙasa mai kauri kuwa yana riƙe sanyi, ita kuma tsohuwar takarda zafi ke busar da ita har ta riƙa karyewa a hannu. In an shafa siminti a kan laka, danshi yake kullewa, bango ya lalace ta ciki. Don haka muka kira maginan gargajiya suka buga tubali, suka sa sabuwar azarar giginya, aka shafe da makuba, wato yaɓen da ake haɗawa da ɓawon ɗorawa. Tagogi ne kawai na zamani, da gilashi da raga, saboda ƙurar hunturu.

Zaure ya zama ɗakin karatu. A soron ciki aka ajiye kwafin rubuce-rubucen Shehu Usmanu, Abdullahi Fodiyo, Muhammadu Bello da Nana Asma'u da malaman unguwa suka kawo, sai wasiƙun ciniki na ajami da aka samu cikin akwatin mai gidan. Mun bar kowane littafi a gafakarsa, wato jakarsa ta fata, bisa kanta nesa da ƙasa da bango, saboda gara. A nan ake dubawa, ba a fita da su.

Sauran aiki shi ne rubuta sunayen takardun ɗaya bayan ɗaya, muna neman ɗaliban da suka iya karanta ajami. Yaɓe kuma wajibi ne kowace shekara kafin ruwan farko, kuma kuɗinsa daga aljihun unguwa zai fito.